Me Ya Sa Fim Ke Buɗewa a Faransa Amma Ya Ƙi Buɗewa a Kuseri?

Wani ɗan'uwa daga Kuseri ya aiko da tambaya kamar haka: "Ina biyan kuɗin Netflix duk wata. Yayana da ke zaune a Faransa yakan turo mini sunan shiri, in shiga in nema in rasa, alhali manhaja ɗaya muke amfani da ita. A YouTube ma wani lokaci sai a rubuto mini cewa bidiyon ba ya samuwa a ƙasata. Rezo ne ba shi da kyau, ko raina mu aka yi? Kuma in sa VPN kamar yadda abokaina suke yi?"

Ɗan'uwa, sannu da haƙuri. Rezonka, wato layin sadarwarka, lafiyarsa ƙalau, wayarka ma ba ta da laifi. Na yi shekaru ina haɗa intanet da kafa satalayit a Garwa da Marwa, daga baya na koma taimaka wa masu shirya fina-finai wajen duba takardun sayar da haƙƙi. Wannan tambaya na sha jin ta a bakin masu gidan kallo, na kuma ga amsarta a rubuce a cikin yarjejeniyoyi. Abin da ya tare ka takarda ce da aka sa wa hannu tun kafin ka san da fim ɗin.

Fim ba a sayar da shi kamar buhun shinkafa, a miƙa maka ka tafi da abinka. Mai fim kamar mai babbar gona ne da ya yanka ta fili-fili yana ba da haya. Wannan ya karɓi filin Faransa na shekara uku, wancan ya karɓi na Indiya, wani ya karɓi na ƙasashen Larabawa. A kowace takarda ana rubuta abu huɗu: a waɗanne ƙasashe za a nuna, har zuwa yaushe, ta wace hanya (sinima, talabijin ko intanet), kuma da wane harshe. Sau da yawa akwai sharaɗi na biyar, wato wanda ya karɓi filin shi kaɗai zai noma shi. Saboda haka in ka buɗe Netflix a Kuseri, abin da kake gani shi ne jimillar filayen da kamfanin ya yi haya a Kamaru, tare da shirye-shiryen da ya mallaka gaba ɗaya. Yayanka yana ganin filayen Faransa. Kuma takardar da kamfanin ya sa wa hannu ta wajabta masa ya kafa shinge. In bai kafa ba, mai fim ya kai shi kotu ko ya hana shi haya nan gaba.

Don ka tabbata ba mu kaɗai abin ke ci ba, ga misali daga ƙasar da yayan naka yake. Lokacin da Netflix ya shiga Faransa a watan Satumba na 2014, shirin House of Cards, wanda duniya ta san shi da sunan Netflix, babu shi a cikin rumbun Faransa, wato jerin shirye-shiryen da Netflix ke nuna wa mutanen can. Dalili kuwa an riga an sayar wa Canal+, kamfanin talabijin na biya na Faransa, haƙƙin nuna shi a can. Kamfani ya shigo gari ya tarar da an ba wani hayar ɗakinsa. Ban da wannan, Faransa na da tsarin da ke jera masu nuna fim a layi bayan ya fita sinima: a yarjejeniyar 2022, Canal+ na jiran wata 6, Netflix na jiran wata 15. To akwai fina-finan da wani a wata ƙasa yake kallo, yayanka yana can yana ƙirga watanni.

Tushen abin tsoho ne. Haƙƙin mallakar fasaha tun asali na ƙasa-ƙasa ne. Yarjejeniyar Berne ta 1886 ta sa ƙasashe su kare ayyukan juna, amma kowace ƙasa da dokarta take karewa. Kamaru na da dokar 19 ga Disamba 2000. Kamaru da Chadi duk suna cikin OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasashe 17 mai hedikwata a Yawunde wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Bangui ta 1977, Najeriya kuwa ba ta ciki. Masu shirya fim kuma suna son wannan rarrabuwar, domin da ita suke tara jari. Kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, furodusa yakan sayar wa ƙasashe da dama haƙƙin nunawa, ya kai takardun banki ya karɓi bashi. Wanda ya biya kuɗi tun fim na kan takarda ba zai yarda mutanen ƙasarsa su kalla ta wata ƙofa ba. Sannan ga maganar farashi: abin da mutumin Jamus zai iya biya, mutumin Marwa ba zai iya ba, kuma in babu shinge kowa zai ruga ya yi rajista a ƙasar da ta fi araha. Waɗanda suka yi zamanin faifan DVD za su tuna da lambar da ake bugawa a bayan kwali. An raba duniya shiyya-shiyya, yawancin Afirka aka jefa mu a shiyya ta 5 tare da Rasha da Indiya. Wannan tunanin ne aka ɗauko aka ɗora a kan intanet.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu kai tsaye, kuma nan ne nake so ka tsaya da ni. Masu cinikin haƙƙi ba sa zama su yi ciniki a kan Kamaru ita kaɗai ko Chadi ita kaɗai. Dunƙule mu ake yi. Akwai ƙullin da suke kira Afirka kudu da Sahara mai magana da Faransanci, inda Canal+ ya daɗe yana riƙe da manyan haƙƙoƙi. Akwai mai magana da Ingilishi, inda MultiChoice mai DStv da SuperSport ya yi kaka-gida, kodayake a 2025 Canal+ ya karɓi ragamar MultiChoice ɗin ma. Akwai kuma ƙullin Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, inda beIN ta Ƙatar ke riƙe da manyan wasannin ƙwallo, kuma a jerin ƙasashe 24 na wannan ƙullin har da Chadi. Ka duba yadda abin yake a ƙofar gidanka. Mutum ya tashi da safe a Kuseri, ya hau babur ya haye gadar Ngeli ya shiga Njamena sayen kaya, ya dawo kafin azahar. A idonsa unguwa ya je. A kan taswirar masu haƙƙi kuwa ya fita daga wata kasuwa ya shiga wata ya dawo. Haka wanda ke Fotokol yana hango Gamboru, tsakaninsu gada ɗaya ce, amma ɗaya an ƙirga shi mai Faransanci, ɗaya mai Ingilishi, alhali in sun haɗu da Hausa ko Barbarci ko Larabcin Shuwa suke gaisawa.

Ka tambaya ko raini ne. Ba zan ce maka a'a gaba ɗaya ba. Shingen kansa ba don raini aka kafa shi ba, kowa yana da nasa. Amma akwai shinge iri biyu. Akwai wanda aka tare ka saboda wani ya sayi haƙƙin a yankinka, ka ga wannan aƙalla akwai ƙofar da za ka bi in kana da kuɗi. Akwai kuma wanda aka tare ka saboda babu wanda ya ga ya dace ya sayi haƙƙin yankinka sam. Fim ɗin ba ya wurin kowa. Gonar tana nan a killace, babu mai noma, kuma an hana ka shiga. Wannan na biyun shi ya fi yawa a wurinmu, kuma shi ke ƙona mini rai. Masu lissafi sun duba yawan masu katin banki da tsadar data, suka ce ba mu kai a wahala dominmu ba. Disney+, manhajar kallo irin Netflix, da ta shigo nahiyar nan a 2022, Afirka ta Kudu ta shiga a watan Mayu, sannan ƙasashen Arewacin Afirka irin su Masar da Maroko a watan Yuni, ta tsallake mu. Manhajar Hulu ta mazauna Amurka ce. BBC iPlayer na mazauna Birtaniya ne da ke biyan kuɗin lasisin talabijin. Waɗannan ko kana da kuɗin a hannu ba za su karɓa ba.

To ta yaya suke sanin inda kake? Duk na'urar da ta hau intanet tana fita da lamba da ake kira adireshin IP. A Afirka, hukumar AFRINIC da ke Mauritius ce ke raba wa kamfanonin sadarwa waɗannan lambobi, kuma akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, tattara bayanin wace lamba ce ta wace ƙasa suna sayarwa. Da ka danna fim, manhajar ta duba lambarka a wannan kundi ta yanke hukunci cikin ƙiftawar ido. Ka lura, ba ƙafarka take dubawa ba, layin da datarka ta bi take dubawa. Wannan yana da muhimmanci ga mutumin bakin iyaka irinka. In wayarka mai sim biyu ce, kana da Orange ko MTN na Kamaru, kana kuma da Airtel ko Moov na Chadi da ke kamawa daga tsallaken kogi, to wanda ka kunna wa data shi ne ƙasarka a wannan lokacin. Kana zaune a tabarma ɗaya, ka sauya sim, ka sauya ƙasa. Ko da ka yi tafiya da sim ɗin kana amfani da shi a waje, yawanci datar takan koma ta fita ta ƙasar da aka yi masa rajista. Bayan IP, suna duba lambobin farko na katin bankinka, waɗanda ke nuna bankin da ƙasarsa, suna duba ƙasar da asusunka na Google Play ko Apple yake, wasu manhajojin har GPS suke nema.

Kundin nan kuma yana kuskure. Ina tuna wani otal a Garwa da na haɗa wa intanet ta satalayit shekarun baya, lokacin da tashar da ke sauke siginar tana Turai. Mai otal ya kira ni da dare hankali a tashe, wai kwamfutocinsa sun kamu da cuta, duk shafin da aka buɗe Jamusanci yake fitowa. Na je na tarar da yaron da ke karɓar baƙi ya goge komai ya sake sakawa har sau biyu, gumi na zuba. Babu wata cuta. Duniya ce take ganin otal ɗin a Jamus, domin ta can datarsa ke fita.

Wannan ya kawo mu ga VPN, domin abin da ya faru da otal ɗin nan bisa kuskure shi VPN ke yi da gangan. Yana ɗaukar datarka ya bi da ita ta wata kwamfuta a wata ƙasa, sai a gan ka da lambar can. Mutanen Njamena ba sai an koya musu ba. Daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, kusan wata 16, an toshe WhatsApp da Facebook a Chadi, har tsofaffi suka iya kunna VPN don su ji muryar 'ya'yansu da ke waje. Wannan amfani ne na gaskiya kuma ina girmama shi. Amma a kan maganar fim, shawarata kada ka dogara da shi, kuma ga dalilaina.

A ranar 6 ga Janairu 2016 Netflix ya buɗe a sababbin ƙasashe 130 a lokaci guda, ciki har da Kamaru da Chadi da Najeriya. Kwana takwas bayan haka ya sanar cewa zai fara toshe masu shiga ta VPN. Ba haɗuwar sa'a ba ce: masu fina-finai ne suka matsa, tunda ya zama na duniya, to ya tsare iyakoki. Gane VPN kuwa ba wuya. Lambobinsa yawanci na manyan ɗakunan ajiye kwamfutoci ne, ba na gidajen mutane ba, kuma in aka ga ɗaruruwan asusu suna fitowa ta lamba ɗaya an san ba iyali ɗaya ba ne. Abin da Netflix yake yi yanzu in ya gane ka shi ne ya nuna maka shirye-shiryen da yake da haƙƙinsu a duk duniya kawai. Ma'ana ka kunna VPN don rumbunka ya ƙaru, sai ya ragu, har abin da kake da shi a Kamaru ya ɓace. Mutane da yawa da ke kuka da cewa fina-finai sun ɓace musu, in na karɓi wayar sai in tarar da VPN a kunne tun watan jiya sun manta. Ga kuma nauyi: datar da za ta je Turai ta dawo kafin ta iso Kuseri dole ta yi jinkiri, hoto ya riƙa tsayawa. Awa ɗaya ta kallo da hoto mai kyau sosai tana iya cin giga 3, ka san abin da wannan ke nufi a aljihunka.

Abin da ya fi damuna shi ne VPN na kyauta. Kula da kwamfutoci a ƙasashe da dama kuɗi ne, in ba ka biya da sefa ba to da wani abu kake biya. A 2015 aka gano cewa Hola, wani VPN na kyauta da miliyoyin mutane suka sauke, yana sayar da layin masu amfani da shi ga wasu su bi ta ciki. A watan Mayu 2024 hukumomin Amurka suka rushe wata babbar hanyar 'yan damfara mai suna 911 S5, wadda aka gina ta da manhajojin VPN na kyauta da suka kama lambobin IP sama da miliyan 19. Wayar da kake sa wa irin wannan manhaja ita ce wayar da kuɗinka na Orange Money ko MoMo suke ciki. Ka auna fim ɗaya da wannan.

Akwai kuma masu tallar asusu mai araha a WhatsApp. Wata baiwar Allah a Marwa, mai ɗinki, ta kawo mini wayarta ranta a ɓace. Ta tura wa wani kuɗi ya ba ta asusu da lambar sirri, ya ce na wata shida ne. Yaranta sun kalla mako biyu, ranar Juma'a da yamma aka rufe. Da na duba, harshen asusun Turkanci ne, sunayen da ke ciki ba ta san ko ɗaya ba. Ko dai an buɗe shi da katin sata, ko an saci asusun wani, ko an sayar wa mutum goma abin da aka yi don gida ɗaya, abin da Netflix ya tsananta hanawa tun 2023. Lambar wanda ya sayar mata kuwa ta daina shiga. Ni a raina, bayan asarar kuɗi, akwai maganar alkawari. Ranar da ka yi rajista ka danna cewa ka amince da sharuɗɗa, kuma a cikinsu akwai cewa ba za ka tsallake shingen ƙasa ba. An koya mana cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Ina ganin tsarin da rashin adalci a cikinsa, amma na fi so in yi faɗa da shi ta ƙofa.

Kuma ƙofar tana buɗuwa in an tura. A 2011 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar Karen Murphy, mai wata mashaya a Portsmouth ta Ingila, wadda ta sayi dikodar Girka mai araha tana nuna gasar Firimiya, irin dabarar da masu gidan kallonmu suka sani sarai. Kotu ta ce hana shigo da katin dikoda daga wata ƙasar Tarayyar ya saɓa wa dokar kasuwa ɗaya. Daga 1 ga Afrilu 2018 kuma doka ta tilasta wa kamfanoni su bar wanda ya biya kuɗi a ƙasarsa ya ci gaba da ganin rumbun gidansa in ya yi tafiya zuwa wata ƙasar Tarayyar. Ba su rushe shingen duka ba, Bafaranshe har yanzu ba ya iya sayen rumbun Jamus yana zaune a gida, amma sun huda shi. Mu ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, kuɗinmu ɗaya ne. Sefar da ke aljihunka a Kuseri ita ake karɓa a kasuwar Njamena. Irin wannan doka ita ya kamata a nema mana, kuma masu zuwa majalisa daga yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru su ne suka fi kowa sanin yadda iyakar take.

Wani lokaci kuma gwamnati ce ke sa a cire abu, kamar yadda Netflix ya cire kashi ɗaya na wani shirin barkwancin siyasa a Saudiyya bisa buƙatar hukumomin can, labarin da ya fito a farkon 2019. Amma wannan kaɗan ne in aka kwatanta da maganar haya.

Na YouTube da ka ambata shi ma haka yake, sai dai a can mai bidiyon ko wanda ya yi iƙirarin mallakar wani abu a cikinsa ne ke zaɓar ƙasashen da za a toshe. Shi ya sa fina-finan Indiya da aka fassara da Hausa suke yawan ɓacewa: na'urar tantancewa ta gane hoton ko waƙar, mai haƙƙi ya ce a rufe. A nan ne nake da magana da 'yan'uwanmu masu shirya fina-finan Hausa, domin wannan shingen a hannunmu yake. A zamanin kaset da CD, ɗan kasuwa yakan sari kaya a Ƙofar Wambai ta Kano, cikin 'yan kwanaki fim ya iso Garwa da Marwa da Njamena, babu wanda ya tambayi mai kallo takardar ƙasa. Yau na ga takardun da furodusa ya sa hannu ya ba da haƙƙin duniya duka ga wanda ba ya sayarwa sai a ƙasa ɗaya, na kuma ga manhajojin da ba sa karɓar kuɗi sai da katin naira. Mai son biya a Ngawundare ya gwada ya gaji, ya tafi wurin masu tura fim a waya a bakin kasuwa ya ba da ɗan canji, furodusa bai ga ko sisi ba. Duk wanda ya kawo mini takarda, abin da nake fara nema shi ne layin da aka rubuta ƙasashe. Ina ce masa kada ya ba da ƙasar da mai sayen ba ya aiki a cikinta, ya sa wa'adi, ya rubuta cewa duk yankin da ba a nuna fim ɗin ba cikin lokaci kaza haƙƙinsa ya dawo hannunsa, kuma ya nace a karɓi kuɗin waya da sefa. Masu jin Hausa a Nijar da Kamaru da Chadi da Gana da Sudan kasuwa ɗaya ce, masu taswirar haƙƙi ne ba su zana ta ba.

Kai kuma ɗan'uwa, daren nan ka gwada wannan. Ka kashe duk wani VPN da ke wayar, in na kyauta ne ka goge shi gaba ɗaya. Ka buɗe fast.com, shafin gwajin gudu na Netflix ne, ka danna wurin ƙarin bayani, zai nuna maka garin da ƙasar da yake ganinka. In ya nuna wata ƙasa alhali babu VPN, ka kai ƙorafi wurin kamfanin layinka, su ne za su nemi a gyara kundin. In ya nuna Kamaru kuma shirin babu, ka duba ko yana Canal+, domin abin da ya ɓace a nan sau da yawa can yake zaune, ka kuma cike fom ɗin neman shiri da ke sashen taimako na Netflix. Sannan in kana da sim na Chadi, ka mayar da data kansa, ka rufe manhajar ka sake buɗewa, ka nemi sunan shirin kuma.